Rantsuwata da Tumakin Walter

Ku 'ya'yana, har yau in an taru ranar Salla sai wani cikinku ya tayar da zancen tafiyata Ingila. Musa ne ya fi kowa iya shi. Yakan ce Baba ya tafi da sanda ya koro Hadiza, ya dawo da hular ulu. Yakan ƙara da cewa wai na ɓuya kwana biyu a Saint-Denis don kunyar haɗa ido da mahaifiyarku. Kowa ya yi dariya, ni ma in taya ku, domin ban taɓa zama na ba ku labarin yadda ya faru ba. Hular gaskiya ce, tana nan cikin akwati. Kwana biyun ma gaskiya ne. Amma ba kunya ce ta tsayar da ni ba, ko in ce ba ita kaɗai ba ce. Yanzu da gwiwa ta hana ni yawo, hannu kuwa bai hana ni rubutu ba, bari in gyara muku zancen.

Kun san ni da tuƙa 'yar motar ɗaga kaya a wani sito a Vénissieux, gefen Lyon, kun san ni a hawa na tara a Minguettes, mutumin da ya hana ku ajiye ko kyanwa. Abin da ban gaya muku ba shi ne a bayan dabbobi na tashi, arewa da Dakoro. Mahaifina Bahaushe ne, amma a kiwo Fulani kansu suna sara masa. Shekarar babban fari muka ga shanunsa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da farko mukan sa igiya mu tayar da wadda ta kwanta, daga baya muka daina. Duk wadda ta mutu shi yake feɗe ta da hannunsa, ni ina riƙe masa ƙafa, har wuƙarsa ta sirance don wasawa. Na fita daga wannan shekara da ƙudurin cewa ɗana ba zai ci abinci daga bayan dabba ba. Shi ya sa da muka zo Faransa na rufe bakina. In kun tambaye ni aikin kakanku, sai in ce manomi ne, in kawo wani zance.

Hadiza sunan mahaifiyata ta ci, don haka tun tana cikin zanin goyo ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Da ta ce likitar dabbobi za ta karanta, na yarda. Hoton da na zana a raina shi ne ita cikin farar riga, a wani tsabtataccen ɗaki a tsakiyar Lyon, tana duba haƙoran karnukan tsofaffin mata masu kuɗi. Ko da ta ce za ta Ingila wata uku don koyon aiki, ban damu ba. Wata uku ba shekara ba ne. Sai wata Lahadi bayan la'asar waya ta yi ƙara, mahaifiyarku Balki tana zaune tana tsintar shinkafa. Hadiza ce. Muka gaisa, ta tambayi kowa, sannan ta yi gyaran murya.

"Baba, koyon aikin ya ƙare, amma sun ce in zamna. Likitan dabbobin nan ya tsufa, shina neman wanda za ya riƙe aikin."

"Wane aikin?"

"Tumaki da shanu, Baba. Gonakin kwarin nan duka."

"Hadiza," na ce.

Shekara ashirin da shida ba ta taɓa jin sunan nan daga bakina ba. Na ce mata ban ƙetare hamada da teku ba don ɗiyata ta koma cikin kashin tumaki. Ta ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Baba, amma nan na ga abin da na iya." Na ajiye waya, na miƙe tsaye a tsakiyar falo, na ɗaga yatsa sama kamar mai wa'azi, na ce wallahi tallahi zan tafi, kuma ba zan sake taka ƙofar gidan nan ba sai tare da ita. Balki ba ta ɗago kai daga faranti ba.

"Malam, ka rantse ke nan. To Allah ya sa kana da wajen kwana."

Na bi ta Paris, na kwana a Saint-Denis gidan Alhaji Sani, yayan Balki, wanda ya tsufa yana tuƙa manyan ƙasarmu a birnin. Ya saurare ni har na gama, yana ɓare goro.

"Isuhu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ni ba barewa ba ne, Alhaji, mai ɗaga kwali ne."

"To madalla. Ɗakin nan dai shina nan, in ka komo kai ɗaya."

Jirgin ƙasa ya bi da ni ta ƙarƙashin teku, wani ya ɗauke ni arewa, tikitin komowa biyu a aljihun babbar kwat ɗina. A wata 'yar tasha da ba ta kai girman sitonmu ba na tarar da Hadiza, da takalman roba har gwiwa, ɗankwali a ƙarƙashin hular ruwa. Nan kan jiƙaƙƙen siminti ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa a daƙile, na shiga motarta, wadda ke warin abin da na yi shekaru ina gudu.

Gonar tana can ƙarshen wata siririyar hanya. Gidan na dutse ne, garken na dutse, shingayen ma dutse ne aka jera bisa dutse ba laka ba siminti, suna hawa tudu suna gangarawa har inda ido ya tsaya. Ga ciyawa. Ban san yadda zan faɗa muku ku gane ba, amma ciyawar nan haushi ta ba ni. Na tsaya ina kallon kore ta ko'ina, ruwa yana ta yayyafi a kanta ba a roƙe shi ba, ina tunanin da shanun mahaifina sun sami fili ɗaya daga cikin waɗannan da ba mu rasa ko ɗaya ba. Masu gonar tsofaffi ne biyu, Walter da matarsa Margaret, ba su da ɗa a kusa, a wani ƙaramin gida a ƙarshen farfajiyarsu Hadiza take haya. Walter dogo ne mai ƙarancin magana, yatsunsa sun kumbura sun lanƙwashe saboda sanyin ƙashi. Ya riƙe hannuna ya faɗi kalma biyu, na faɗi biyu, ba wanda ya ji na wani. Margaret kuwa kafin in iso ta tambayi inda gabas take, ta kawar da kujera, ta kori kare daga ɗakin da za a sauke ni. Tsoron ba ni naman da ban yarda da yankansa ba ya sa kullum kifi da dankali take dafa mini, rana da dare, har na fara jin kamar zan iya iyo.

Lokacin haihuwar tumaki ne, Hadiza da Walter daga garke sai garke, in ba a kira ta wata gona ba. Ni kuwa na ƙi leƙawa ko ƙofar. Ina zaune cikin kwat da takalman zuwa Juma'a, ina jiran ta gaji ta ce na ji na bi. Rana ta biyu na hango wasu mutane da jakunkuna a baya sun haura shinge, suna ratsa tsakiyar gona ba sallama. Na tashi da sauri zan tare su, Hadiza ta riƙe mini hannun riga.

"Baba, hanya ce. Ta girmi gonar. Ko mai gona bai isa ya rufe ta ba."

"Burtali ke nan."

"Mi ne ne burtali?"

Na ga bakina ya so ya tona ni, sai na ce mata ba komai.

Margaret ta ga zaman ya ishe ni, sai ta sa ni a mota ta shiga yawo da ni, tana lallaɓa Faransancin da ta koya tun tana 'yar makaranta. Ta kai ni ƙauyensu, ta nuna mini wani tsohon ginshiƙin dutse a tsakiyar kasuwa, ta ce a gindinsa ake cinikin ulu tun zamanin da. Ta nuna mini wata gada mai doro, wadda mutum biyu ba sa jerawa a kanta, ta ce dawakai masu dakon ulu aka gina wa. Ta kai ni kufan wata babbar majami'a a bakin rafi, rufin ya tafi, tagogin sun zama ƙofofin iska, amma bangon ya fi benenmu kwarjini. Ta ce masu ibadar da suka gina ta makiyaya ne, da ulu suka biya magina. A ƙauye na gaba ma haka, har na daina tambaya. Na baro Lyon don in raba ɗiyata da tunkiya, ga shi an kawo ni ƙasar da duk inda ka juya tunkiya ce ta gina shi. A maƙabartar ƙauyen ta nuna mini duwatsun kakannin Walter a jere, gansakuka ta cinye rabin sunayen.

A hanyar komowa ta tsaya bayan gonar, gefen wani fili da aka kewaye aka shuka itatuwa, ba dabba ko ɗaya a ciki. Ta kashe mota. Ta ce shekarar da cutar baki da kofato ta shigo ƙasar, hukuma ta zo ta kashe garken Walter duka, masu ciwo da masu lafiya, aka ƙone su a nan. Jinin tumakin da ya gada daga kakansa ya ƙare a yini ɗaya. Ta ce ya yi wata guda ba ta ji muryarsa ba. Sannan wata safiya ya sa hula, ya tafi kasuwa ya sayo 'yan tumaki, ya fara daga farko. Ban san lokacin da na buɗe baki na ba ta labarin mahaifina ba, labarin da ban ba ku ba, na ba wata tsohuwar Baturiya cikin mota ruwa yana dukan gilashi. Ta ji ni har ƙarshe.

"Shi ma ya sake farawa?" ta tambaya.

"A'a," na ce.

Ga abin da ban faɗa mata ba, kuma yau nake faɗa muku. Mahaifina ya so ya sake farawa. Wani amininsa Bafillace ya yi masa tayin aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu ya mayar da uwar, kamar yadda makiyaya suke tayar da wanda ya faɗi. Abin da ya rage masa ƙafafun saurayi ne, don nasa sun gaji. Ya dube ni, ni kuma na dubi hanyar Maradi. Bai hana ni ba, bai zage ni ba, har wuƙar tasa ya ba ni guzuri, na sayar da ita a tasha. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina fari ne ya kashe kiwon gidanmu. Fari ya kashe shanu, wannan gaskiya ne. Kiwon kuwa ni na kashe shi.

Wannan tunani bai sassauta ni ba, ƙara mini zafi ya yi, irin na wanda aka taɓa wa gyambo. Washegari da hantsi na ciro tikitin nan biyu, na nufi garken a karo na farko, in ce wa Hadiza ta haɗa kaya. Na tarar da ita a durƙushe cikin ciyawa, hannunta har gwiwar hannu a cikin wata tunkiya da ɗa ya zo mata a gicciye, ba ta ma san na shigo ba. A ɗaya gefen Walter yana tsugune. Gabansa tunkiya ce da ɗanta ya zo ba rai, tana ta lasar sa tana kuka, hantsarta cike da nono. Kusa da ƙafarsa ga wani ɗan tunkiya mai rai, na ukun 'yan uku, uwarsa ba ta da nonon da zai ishe shi, yana rawar sanyi. Walter ya jawo mataccen, ya ciro 'yar wuƙa. Ban buƙaci tafinta ba. A wurinmu in ɗan maraƙi ya mutu, fatarsa ake cusa wa ciyawa a ajiye gaban saniya don ta saki nono. Shi kuwa so yake ya sa wa maraya fatar mamaci, uwar ta ji warin ɗanta ta karɓe shi. Yatsun nan suka ƙi. Wuƙar ta faɗi, ya ɗauka, ta sake faɗi.

Karo na biyu ni na ɗauka. Na mayar da tikiti aljihu, na durƙusa da wandon Juma'a cikin danshin garke. Na zagaye wuya, na zagaye ƙafafu huɗu, ban tsaga ciki ba, na zare fatar ɗungurungum yadda ake yi in za a yi salka, na bar jelar a jiki, domin ta baya uwa take sunsunar ɗa. Hannuna bai tambaye ni komai ba, aikinsa kawai ya yi. Na zura wa marayan ita kamar riga, na fito masa da kai da ƙafafu. Na juya na ce da Faransanci a ba ni gishiri, Walter ya dube ni, na kwatanta da yatsu, ya miƙo wani dunƙule daga kan katanga. Na murtsuke shi na barbaɗa a bayan ɗan. Da kanwa muke yi a gida, amma wanda bai sami uwa ba yakan yi da kaka. Muka tura shi gaban tunkiyar. Ta buga ƙafa a ƙasa, ta sunkuyo ta tunkuɗe shi har ya wuntsila. Muka sake, ta sake.

Hadiza ta gama da tata, ta ɗauraye hannu a bokiti, ta zo ta durƙusa ta rungumi kan tunkiyar. Sai na ji ta yi wani sauti, ƙyas biyu da gefen harshe, sannan gunji mai laushi daga maƙogwaro, ta maimaita. Da wannan sautin mahaifina yake kwantar da saniya mai haihuwar fari, kuma ya rasu Hadiza ba ta yi wayo ba. Kunnuwan tunkiyar suka sauka. Ta juya ta sunsuni jelar, ta daɗe tana sunsuna, ta lashi gishirin, ta sake lasa. Ɗan ya lallaɓa ya kama nono, jelarsa ta gaske tana kaɗawa a ƙarƙashin ta aro.

"Ina kika samo wannan?" na tambaye ta.

"Wajenka, Baba. Da shi kake sa mu kwana muna ƙanana. Na gwada wata rana, na ga suna ji."

Ashe abin da nake kulle wa ƙofa da rana, ni nake rera muku shi a kunne. Walter ya yi magana, Hadiza ta juya mini da Hausa.

"Ya ce wa ya koya maka fiɗa haka?"

"Ki ce mishi ubana."

Ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce wani abu gajere.

"Ya ce shi ma."

Hulata ta faɗa cikin jini tun ina fiɗa. Tsohon ya cire tasa ta ulu ya kifa mini a ka, ya koma aikinsa. Na dubi hannuwana, na dubi ɗiyata, ciyawa a ɗankwalinta, fuskarta kuwa ban taɓa ganin ta a sake haka ba a duk zamanta na hawa na tara. Na ji son ta ya cika mini ƙirji, na ji kunyar mahaifina, duka a lokaci guda.

"Uwata, kawo mini ruwa in wanke hannu."

Ta tafi ɗauko bokiti, ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta zo idanunta sun yi ja. Na yi kamar ban gani ba, ita ma ta yi kamar ba ta ga nawa ba.

Na ƙara kwana uku ina aiki da aron takalman Walter, na ba Uwata labarin kakanta duka, har da burtali, har da wuƙar da na sayar. Sannan na komo ni ɗaya. Amma rantsuwa tana wuyana, kuma ni ba na wasa da sunan Allah. Ga dalilin kwana biyun nan naku. Alhaji Sani ya buɗe ƙofa, ya leƙa bayana, ya ce, "Ina barewar?" Na ce ya bar ni da abin da ya dame ni. Ranar farko ya kai ni wurin malami, aka tabbatar mini kaffarata ciyar da miskinai goma ce, muka wuce kasuwa. Rana ta biyu matarsa ta dafa shinkafa da naman rago, muka ɗauki tukunya zuwa bakin ruwa inda baƙi marasa matsuguni suke kafa tantuna. Da hannuna na zuba wa mutum goma, na tsaya har suka ƙoshi. Ɗaya daga cikinsu ɗan Tawa ne, ya tambaye ni sadakar mece ce. Na ce rantsuwa na yi zan raba ɗiyata da kiwo, na kasa. Ya side yatsa, ya ce Allah ya ƙara mini irin wannan kasawa.

Kada ku ce abin bai ci mini komai ba. Salla nawa aka yi kujerarta ba kowa. Ranar da aka yi wa mahaifiyarku aiki, sai da ta farfaɗo Uwata ta iso. 'Ya'yanta in na yi musu Hausa da Turanci suke amsa mini, in yi dariya a waya, in ajiye in yi shiru. Na biya, ina kan biya, kuma da za a mayar da ni garken nan wuƙar zan sake ɗauka.

Da na isa hawa na tara, makulli yana aljihuna amma na ƙwanƙwasa. Balki ta buɗe. Ta dubi hular, ta dubi bayana, ba kowa. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta matsa ba.

"Rantsuwar fa, Malam?"

"Mutum goma sun ci sun ƙoshi."

Ta matso, ta kama wuyan kwat ɗina, ta sunsuna, ta daɗe tana sunsuna kamar tunkiyar nan. Sannan ta ja gefe ta ba ni hanya.

"Shigo," ta ce. "Rabona da jin warin mutumin da na aura tun Dakoro."